Ƙwaryar Rahamatu

Alhamis ta zo ta wuce Rahamatu ba ta zo karɓar maganinta ba. Na ba ta uzuri, na ce ruwan sama ne ya tare ta, don a daminar nan hanyar rugarsu sai a hankali. Da wata Alhamis ɗin ta zagayo babu ita babu labarinta, sai hankalina ya tashi.

Sunana Juwairiyya. A lokacin ina ɗaliba a makarantar koyon aikin lafiya, an turo mu ni da ƙawata Sharifa mu koyi aiki a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Maigatari. Malam Ɗalha, shugaban asibitin, shi ya ɗora ni a kan masu tarin fuka. Tun ranar farko ya ja mini kunne. Ya ce maganin na wata shida ne cur, kuma wanda ya fara ya bari, ciwon yakan dawo masa da taurin kai, har ya daina jin maganin gaba ɗaya. Ya ce duk wanda ya ɓace daga cikinsu, ni zai tambaya.

Rahamatu Bafulatana ce mai tallar nono. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, takan biyo ta wajenmu da sassafe, ta karɓi maganin mako, ta wuce. Ba ta taɓa barin ƙwaryarta a bakin ƙofa kamar sauran masu talla, har cikin ɗaki take shigo da ita ta ajiye kusa da ƙafarta. Ta riga ta wuce lokacin da ake tsoron ɗaukar cutar daga jikinta, tarin ya lafa, kumatunta sun fara cikowa. Likita ƙarama take kirana, kullum kuma sai ta tsokane ni wai ni ce ya kamata a ɗora wa magani, irin wannan rama. Ban da mijinta Manu, babu wanda ya san abin da ke kawo ta asibiti.

Malam Barau mai shayi, wanda teburinsa ke kallon ƙofar asibiti, shi ya buɗe mini ido. Na je sayen burodi, ya rage murya kamar mai ba da sirri, alhali teburin cike yake da mutane.

"Likita, ashe mai nonon nan tarin tibi gare ta? Ni da nake saya wa iyali kowace kasuwa."

"Wace mai nono, Malam Barau?"

Ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne. Mace zaune a bencin ɗakina, an rufe fuskarta da zanen rawayar fuskar nan mai murmushi. Muryar Sharifa na tashi raɗau, tana cewa ku dubi wannan baiwar Allah, tana shan maganinta a kan lokaci, ga shi ta samu sauƙi, tarin fuka yana warkewa, kada ku ɓoye. A ƙasa kuma, kusa da ƙafar matar, ga ƙwarya mai tsaga a gefe, an ɗinke tsagar da jan zare, da faifai mai koren baki a kanta.

Na daure fuska na ce, "Ni ban ga fuskar kowa a nan ba."

Ya yi dariya. "Haba Likita, wa ke tsayawa kallon fuskar matar mutane? Ƙwarya muke kallo. Duk Maigatari wa bai san ƙwarya mai jan ɗinki ba?"

Na bar masa burodinsa a kan tebur na koma ciki a fusace.

Sharifa ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya. 'Yar Gumel ce, 'yar gidan ma'aikata, ga kwanya ga iya magana. Matsalarta ɗaya, abu bai faru ba a wurinta sai wayarta ta gani. Tana da mabiya da yawa a TikTok, tana koya musu wanke hannu da haɗa ruwan gishiri da sukari, har malamanmu na yaba mata. Ranar da aka tura ni riga-kafi ƙauye ita ta riƙe mini ɗaki, ashe ranar ta yi wannan aika-aika.

Na same ta a ɗakin awo tana gyara ɗankwali a madubin waya. Na rufe ƙofa.

"Ke Sharifa, uban wa ya ce ki ɗauki mara lafiyata?"

Ta dube ni da mamaki na gaske. "Na rufe fuskarta fa. Ban faɗi sunanta ba, ban faɗi garinsu ba. Abin da aka koya mana ke nan. Kuma sai da na tambaye ta, ta ce to."

"Buɗe ki karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa."

Ashe ba ta karanta ba, yawan masu kallo kawai take dubawa tana jin daɗi. Ta fara ja da yatsa. Wani ya rubuta wannan ai mai nonon gindin ɗorawa ce. Wani ya ce Allah ya kiyaye, shi ya daina. Wata har sunan mijin ta kama. Na ga fuskar Sharifa na sauyawa, ta zauna a kan gadon awo ba ta san ta zauna ba.

Nan take ta goge shi, amma gogewar banza. An riga an sauke shi, yana yawo a WhatsApp daga zauren mahauta zuwa na direbobi. Sai ga ta da sabuwar dabara, wai za ta yi wani bidiyon ta bayyana wa jama'a cewa matar ba ta yaɗa cutar, nononta lafiya lau.

"Wato ki fito ki tabbatar musu ita ce," na ce. "Wallahi kika sake kunna wayar nan a kan matar nan, rijiya zan jefa ta. Tashi mu je wajen Malam."

Ta kama hannuna ta fara roƙo. Za a kore ta, babanta zai ji, mu gyara a tsakaninmu. Tausayinta ya kama ni, don tun ajin farko gadonmu na kusa da juna. Amma magani a kulle yake a hannun Malam Ɗalha, ƙwaya ɗaya ba ta fita sai da saninsa, kuma kowace safiya da muka ɓata wajen rufa wa Sharifa asiri, a ƙirjin Rahamatu take ƙarewa. Na ce mata ko ta faɗa da bakinta, ko in faɗa da nawa. Da bakinta ta faɗa, wannan kam na shaide ta.

Malam Ɗalha ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba. Ya cire tabarau ya murza idanu.

"Zan sanar da makaranta, wannan ba makawa. Amma makaranta tana nan, ba inda za ta. Mara lafiyar ce ta tafi. Juwairiyya, ki nemo ta. Kuma ki nemo ta ba tare da kin faɗa wa kowa dalilin nemanta ba."

Wayar Manu a kashe take. Na hau acaɓa zuwa inda rugarsu take, na tarar da toka da kashin shanu, sun tashi. Dole na jira ranar kasuwa.

Na cire fararen kaya na sa atamfa da hijabi, na shiga kasuwa kamar kowa. Masu nono na jere a gindin ɗorawa, sai dai a tsakiyar layin akwai fili, wurin zaman mutum ɗaya, ba wadda ta matsa ciki. Na durƙusa gaban wata tsohuwa na gaishe ta, na ce ina neman Adda Rahamatu, a wajenta nake sayen man shanu.

Tsohuwar ba ta dubi fuskata ba. Ƙafata ta duba.

"Takalmin nan na asibiti ne."

Na leƙa ƙasa, ga farin takalmin aiki fes a ƙafata. Na ji kunya har kunnena, ni da na gama zagin Sharifa a kan ƙwarya.

"Inna, ni dai ganinta nake so."

"Ke ce mai wayar?"

"Ba ni ba ce."

Ta ɗauki ludayi ta juya nononta, ta kori ƙuda, ta sallami wani mai saye, kamar ta manta da ni. Ban tashi ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, sun koma wajen yayan Manu, arewa da Ɗanzomo, kusa da tafki. Ta ƙara da cewa in ba alheri zan kai ba in zauna gida.

Malam Ɗalha ya ba ni maganin mako da 'yar robar gwajin kaki, ya ce in ta yarda a sake gwadawa tunda ta yi fashi. Sharifa ta ce sai ta bi ni. Na ce ban hana ki ba, amma wayarki a nan za ta kwana ta wuni. Ta ajiye ta a aljihun teburin Malam da kanta. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, mota zuwa Gumel, wata motar zuwa Ɗanzomo, daga nan acaɓa ya ratsa da mu cikin gero da ya fi tsayinmu.

Da hantsi muka isa, an gama tatsa. Manu ne ya tare mu, dogo siriri, sanda a kafaɗa. Ya gane ni. Ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya sa aka kawo mana nono mai ɗumi. Da ya zage mu da na fi samun sauƙi. Sai da muka sha ya tsuguna nesa kaɗan ya fara magana, idonsa a ƙasa.

"A kara na gani, wajen cinikin shanu. Wani dillali ya miƙo mini wayarsa a gaban mutane, ya ce Manu, wannan ba ƙwaryar gidanka ba ce? 'Yan'uwana ma ba su sani ba sai ranar. Yanzu an ware mata abin cin abincinta. Mun kai muku ciwo a ɓoye, kun kai shi kasuwa. Mun koma maganin gida. Ku huta, ku kama hanya kafin hadari ya haɗo."

Na ce, "Malam Manu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ba ni da bakin musu. An yi muku laifi, kuma daga wajenmu ne. Amma ni magani na kawo. Saiwa ba ta kashe ciwon nan, in ta tsaya a nan zai dawo ya fi na da. Ba zan tashi daga tabarmar nan ba sai Adda ta gaya mini da bakinta ba ta so."

Ya dube ni sau ɗaya, ya miƙe ya koma wajen shanu.

Muka zauna. Inuwa ta janye, muka ja tabarma muka bi ta. Matan rugar na wucewa suna satar kallonmu, ba wadda ta tanka. Daga bukkar ƙarshe ina jiyo tari, busasshe mai tsawo, irin wanda na san ya riga ya lafa kafin wannan abu. Sharifa ta fara kuka, na zungure ta da gwiwar hannu.

"Share fuskarki. Yau ba ke ce mai kuka ba."

Shanu suka matsu su tafi kiwo, suna ta kuka, amma Manu bai kore su ba. Sai kewaya su yake, yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Wannan ya ƙara mini ƙwarin gwiwa, na gyara zama.

Rana ta kusa tsaka Rahamatu ta fito. Ta rame, zanen ya yi mata yawa. Ta tsaya a kanmu tana riƙe da ƙugu.

"Likita ƙarama, kwana za ki yi a nan?"

"In ta kama, Adda. Na ga akwai nono."

Ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Ta zauna a ƙarshen tabarma. Sharifa ta matso ta durƙusa.

"Adda, ni ce na ɗauke ki. Ni na sa a waya. Don Allah ki yafe mini."

Rahamatu ta dube ta.

"Na gane ki. Kin ce hoto. Na zaci irin na ƙirji ne, wanda ake kai wa babban likita ya duba. Kuma ko ban zata ba, mai farin kaya ta ce za ta yi abu, ni wace ce da zan ce a'a? A cikin ɗakinku nake, maganina a hannunku."

Sharifa ta sunkuyar da kai.

"Na je kasuwa ban san komai ba," Rahamatu ta ci gaba. "Na zauna tun safe har la'asar, ba wanda ya ɗaga faifaina. Waɗanda ke jirana tun kafin in sauke kaya, su ne suka wuce kamar ba su gan ni ba. Ta kusa da ni ta ja ƙwaryarta ta matsa. A hanya na zubar da nonon. Tun ina budurwa nake zama a gindin ɗorawar nan."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ni ce idona ya cika, na haɗiye, don ni ma ba ranata ba ce.

Na ce, "Adda, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zan iya cire abin nan daga wayoyin mutane ba, ba zan iya sa su sayi nononki ba. Abin da zan iya shi ne wannan. Ba sai kin sake taka asibiti ba in ba gwaji ya kama ba. Ni zan riƙa kawo miki magani nan kowane mako, da kayan gida, da silifa, kamar mai zuwa sayen mai. Kin ci fiye da rabin tafiya. In kika tsaya yanzu, waɗanda suka ƙi nononki ba abin da zai same su, ke za ki kwanta."

"In an mayar da ke makaranta fa?"

"Daga makarantar zan zo."

Ta juya ta dubi mijinta. Manu na tsaye can, bayansa gare mu, amma na san kunnensa na nan. Ya jingina sandarsa, ya shiga bukka, ya fito da moɗa cike da ruwa ya ajiye a gabanta. Sannan ya ɗauki sanda ya kora shanunsa.

"Kin ci wani abu yau?" na tambaye ta.

"Bakina ba ya son komai."

Na ɓallo ƙwayoyin. Sharifa ta yi saurin ɗaukar moɗar za ta miƙa mata, Rahamatu ta ce ajiye, hannuna na aiki. Ta ɗauka da kanta, ta karɓi maganin daga tafina, ta yi bisimilla ta haɗiye. Ta goge baki, ta ce wa Sharifa ta yafe mata saboda Allah, amma kada ta sake zuwa rugar.

Makaranta ta dakatar da Sharifa zango guda. Da ta dawo ta ci gaba da bidiyonta, sai dai daga hannunta da sabulu ba ka ganin kowa a ciki. Muna gaisawa, muna cin abinci tare, amma maganar Maigatari ba ma taɓa ta.

Ni kuwa na cika alkawari. Gwajin ya nuna ciwon bai kai ga bijire wa magani ba, Malam Ɗalha ya ƙara mata kwanakin da ta yi fashi. Na je cikin ruwa, na je cikin taɓo, akwai ranar da acaɓa ya kayar da ni a gonar wake na isa da laka har kunne, matan rugar suka yi ta dariya. Tun daga ranar suka fara amsa gaisuwata. Da aikin koyonmu ya ƙare, na riƙa biyawa ta asibiti in karɓa in wuce. Gero ya nuna aka girbe, tafkin ya fara janyewa, kumatun Rahamatu suka dawo. An daina ware mata abin cin abinci.

Ranar da na kai mata sakamakon gwajin ƙarshe, na same ta tana tatsa. Na tsuguna kusa da ita na ce, Adda, kin warke, babu sauran komai a ƙirjinki. Ta ce alhamdu lillahi, hannunta bai tsaya ba. Murna ta cika ni har na rasa inda zan sa kaina, na ce to yanzu sai kasuwa ke nan, ranar Alhamis in zo in fara saye.

"Na gwada," ta ce. "Sau biyu, ban gaya miki ba. Har Gumel na kai."

"Yaya aka yi?"

"Can ma suna da waya."

Ta ɗago ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta yi.

"Kada ki yi mini kuka a kan nono, Likita ƙarama. Riƙe mini ɗan maraƙin nan, yana damuna."

Na riƙe shi, ta ci gaba da tatsa.